Tambayoyi Biyar Kacal Harshe Yake Yi wa Loma

Duk wanda mura ta taɓa kamawa da gaske ya san yadda abinci yake komawa lami a bakinsa, ko da hannun da ya saba yi masa girki ne ya girka, kuma ba a rage komai daga kayan miya ba. Sai ka ji mutum yana ƙorafin cewa bakinsa babu ɗanɗano, wani ma ya ɗora wa uwargida laifin da ba nata ba. Alhali harshen nan lafiyarsa ƙalau: da za a ɗiga masa zuma zai shaida akwai zaƙi, da za a ba shi ruwan tsamiya zai yamutsa fuska nan take. Hancinsa ne ya toshe, kuma tare da toshewar hancin mafi yawan abin da muke kira daɗin abinci ya tafi. Na daɗe ina ganin cewa muna ba harshe girman da ya fi ƙarfin aikinsa, muna kuma mantawa da cewa babban kaso na abin da muke so da abin da muke ƙi a cikin akushi koya mana shi aka yi tun muna ƙanana.

Idan mutum ya zaro harshensa a gaban madubi zai ga samansa ba sumul yake ba, cike yake da 'yan ƙananan tsiro. Mafi yawansu, waɗanda suke ba harshe kaushinsa, ba su da hannu a ɗanɗano ko kaɗan, aikinsu riƙe loma da juya ta. Masu ɗanɗanon su ne 'yan jajayen ɗigon da suka fi yawa a gaban harshe, da wasu ninke-ninke da ke gefensa ta baya, da kuma wasu manya guda 8 zuwa 12 da suka jeru can ciki kusa da maƙogwaro, waɗanda wasu kan hango su tsorata su ɗauka ciwo ne ya fito musu. A jikin waɗannan ne curin ƙwayoyin da ke gane ɗanɗano suke zaune, kowane curi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta 50 zuwa 100, kuma baligi yana da dubban irin wannan curi, wasunsu ma ba a harshe suke ba, suna ganɗa da maƙogwaro. Kowane curi yana da 'yar kafa a samansa, kuma babu abin da zai shiga ta wannan kafa sai ya narke a cikin yawu. Shi ya sa idan ka goge harshenka ya bushe ƙarau ka ɗora masa ƙwayar sukari, ba za ka ji komai ba sai yawu ya dawo ya jiƙa ta. Ƙwayoyin nan ba su da tsawon rai, domin cikin kamar kwana goma zuwa mako biyu sababbi suke maye gurbin tsofaffi, kuma wannan ne ya sa wanda kunu mai zafi ya ƙona wa harshe ba ya daɗewa bai dawo daidai ba.

Daga harshe saƙon yana bin manyan jijiyoyi uku ne zuwa ƙwaƙwalwa, kuma reshen da yake ɗauko labarin gaban harshe yana ratsawa ta tsakiyar kunne, dab da bayan dodon kunne. Saboda haka ciwon kunne mai tsanani ko tiyatar kunne kan iya taɓa ɗanɗanon gefe guda na harshe. Rabuwar aikin tsakanin jijiyoyi uku kuma ita ce ta sa da wuya a sami mutumin da ya rasa ɗanɗanon harshe baki ɗaya.

A wurina harshe ya fi kama da sarkin ƙofa a zamanin da ganuwa take ganuwa. Ba ruwansa da sunan bafatake ko kyan hajarsa, tambayoyi kaɗan gare shi, kuma a kansu zai buɗe ko ya rufe. Zaƙi amsa ce ga tambayar ko lomar tana ɗauke da abin da zai ba jiki kuzari. Ɗanɗanon gishiri yana shaida samuwar sodiyam, wanda jijiya da tsoka ba sa aiki sai da shi, jiki kuma yana zubar da shi kullum a gumi da fitsari. Tsami yana faɗakarwa a kan ɗan itacen da bai nuna ba ko abincin da ya fara lalacewa, ɗaci kuma gargaɗi ne a kan guba. Na biyar, wanda zan daɗe a kansa a gaba, yana ba da labarin furotin, wato sinadarin gina jiki. Wasu masu bincike suna ganin akwai na shida, wato ɗanɗanon kitse, amma biyar ɗin nan su ne aka yi ittifaƙi a kansu.

Da yawanmu an koya mana a makaranta wani zane da yake raba harshe yanki-yanki, wai zaƙi a gaba, ɗaci a baya, tsami da gishiri a gefe. Wannan zane kuskure ne da ya yi tsawon rai fiye da kima. Asalinsa wani bincike ne da Bajamushe David Hänig ya wallafa a 1901, inda ya nuna ɗan bambanci kaɗan a ƙarfin ji tsakanin sassan harshe. A 1942 Edwin Boring na Jami'ar Harvard ya sake zana alƙaluman ta hanyar da ta sa ɗan bambancin ya zama kamar iyaka, masu rubuta littattafan makaranta kuma suka yi ta kwafa daga juna. Virginia Collings ta sake gwajin a 1974 ta nuna cewa duk inda curin ɗanɗano yake, yana jin dukkan ɗanɗanon. Ba ma sai an je ɗakin bincike ba, duk wanda ya taɓa lasar gishiri da tsinin harshensa ya riga ya rushe zanen.

Yadda ƙwayoyin suke gane abin da ya taɓa su ya fara fitowa fili ne daga wajen shekarar 2000, musamman a aikin Charles Zuker da Nicholas Ryba a Amurka. A fatar kowace ƙwaya akwai wasu furotin da za mu iya kira makarɓai, kowanne yana da siffar da wasu sinadarai kaɗai suke dacewa da ita, kuma da zarar sinadarin ya zauna a kansa sai ƙwayar ta aika saƙon lantarki. Gishiri da tsami su hanyarsu ta fi sauƙi, domin ƙananan sinadaransu suna kutsawa ne kai tsaye cikin ƙwayar ta wasu kafofi, kuma kafar tsami ba a tantance ta ba sai a 2018, a ɗakin binciken Emily Liman a Kalifoniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rashin daidaiton rabon. Zaƙi makarɓi guda gare shi, shi ne yake karɓar sukari da zuma da rake da dabino, har da sinadaran zaƙi na masana'anta waɗanda ba su da kuzarin komai a cikinsu. Ɗaci kuwa yana da makarɓai iri kusan 25.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san daji. Tsiro ba ya iya gudu, saboda haka da yawa suna kare kansu da guba, gubar kuma iri-iri ce, mafi yawanta tana da ɗaci. Mutumin da ya kasa gane zaƙi asarar loma ɗaya ya yi, wanda ya kasa gane ɗaci kuwa yana iya asarar ransa. Shi ya sa harshe yake gane kwinin, maganin zazzaɓin nan mai ɗaci, a cikin ruwa ko da yawansa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sukarin da ake buƙata kafin a ji zaƙi ba. Rogo mai ɗaci misali ne na kusa: ɗacinsa yana tafiya tare da sinadarin da yake sakin gubar sayanayid, kuma jiƙawa da tatsewa da shanyawa da ake yi masa kafin a ci ba al'ada ce kawai ba, hanyar fitar da gubar ce. Iyaye mata ma sun san ƙarfin wannan gargaɗi, domin idan lokacin yaye ya yi wasu kan shafa abu mai ɗaci a kan nono, yaron ya kama sau ɗaya ko biyu ya haƙura da kansa. Jariri sabuwar haihuwa, tun bai ɗanɗana komai a duniya ba, idan aka ɗiga masa ruwan zaƙi fuskarsa takan saki ya hau tsotsa, idan aka ɗiga masa ɗaci kuma ya wangale baki ya turo harshe. Wannan ɓangaren da shi aka haife mu.

Duk da haka ba daidai muke jin ɗaci ba. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana aiki da wani gari sai ya tashi a iska, abokin aikinsa ya yi ƙorafin ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba. Gwaji ya nuna cewa abin gado ne, kuma a 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakinsa. Wasu mutanen kuma curin ɗanɗanonsu ya fi na saura yawa, komai yana zo musu da ƙarfi. Ina tuna wannan a duk lokacin da na ga ana tsawata wa yaron da ya ƙi gauta ko miyar shuwaka ana ce masa mai tsirfa, domin mai yiwuwa ne abin da yake ji a bakinsa ya ninka abin da mai tsawatarwar yake ji, ga shi kuma yara dama sun fi manya jin ɗaci.

Ɗanɗano na biyar shi ne wanda kimiyya ta makara wajen amincewa da shi, alhali matan ƙasar Hausa sun daɗe suna sarrafa shi a tukunya. A 1908 Kikunae Ikeda, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tokyo, ya tsaya a kan cewa romon wani ganyen teku da ake dafawa a Japan yana da ɗanɗanon da ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. Ya tace romon har ya ware sinadarin, wato gulutamet, ɗaya daga cikin tubalan da suke haɗuwa su zama furotin, ya sa wa ɗanɗanon suna umami. A shekarar da ta biyo baya aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda a kasuwanninmu ake kira farin magi. Masanan Turai da Amurka sun yi kusan ƙarni guda suna jan ƙafa, sai da aka gano makarɓinsa a harshe a farkon shekarun 2000 gardama ta ƙare.

Gulutamet da yake ɗaure a cikin furotin harshe ba ya jin sa, sai an kwance shi, kuma kwancewar ita ce duk sana'ar mai daddawa. Tana dafa kalwa sa'o'i masu yawa har ta yi laushi, ta surfe ta ta wanke ɓawon, ta sake dafawa, sannan ta rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A cikin kwanakin nan wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis take cin furotin ɗin kalwar tana farfasa shi, gulutamet ya fito fili, tare da wannan warin da baƙo yake toshe wa hanci ɗan gida kuma yake haɗiyar yawu a kansa. Daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa ita ma hanyar ke nan. Akwai kuma wani sirrin da masu girki suka riƙe ba tare da sun san sunansa ba: nama da kifi, musamman busasshe, suna ɗauke da wani sinadari daban wanda idan ya haɗu da gulutamet a kan makarɓi guda, ƙarfin ɗanɗanon yakan ninka sau da yawa fiye da a ce an tara su kawai. Miyar kukar da ta ji daddawa da bandar kifi ba ta fi wadda aka yi da ɗaya daga cikinsu da kaɗan ba, ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma dalilin ke nan. Tumatir nunanne ma yana da gulutamet mai yawa, busasshensa ya fi, haka kuma nonon uwa ya fi nonon saniya yawansa ninkin-ba-ninkin, wanda yake nufin da wannan ɗanɗano muka fara rayuwa.

To amma biyar ɗin nan ba za su iya bambance maka mangwaro da gwanda ba, ko kilishi da tsire. Wannan aikin hanci ne, kuma ba ta ƙofar gaba kaɗai ba. Yayin da muke tauna, ɗumin baki yana sakin ƙamshin lomar, iskar da muke fitarwa kuma ta ɗauke shi ta bayan maƙogwaro ta hau da shi can saman kogon hanci, inda makarɓan ƙamshi iri kusan 400 suke jira. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano wannan dangin makarɓai a 1991, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Kowane ƙamshi yana taɓa wasu daga cikin makarɓan a tsarinsa na kansa, shi ya sa hanci yake iya rarrabe abubuwa masu ɗimbin yawa. Ƙwaƙwalwa sai ta haɗa saƙon hanci da na harshe ta mayar da su abu ɗaya, ta kuma nuna mana kamar duk a baki abin yake faruwa. Gwajin ba shi da wuya: ka toshe hancinka, ka rufe ido, wani ya sa maka yankan mangwaro ko na gwanda a baki, za ka ji zaƙi da laushi kawai, sai ka saki hancin sannan ɗan itacen ya bayyana kansa. A lokacin annobar korona ta 2020 mutane da yawa sun gano wannan da wahala, domin da ƙamshi ya ɗauke sai cin abinci ya koma musu aiki, wasu har suka rame.

Yaji kuwa ba ya cikin lissafin ɗanɗano ko kaɗan, duk da cewa a gidajenmu da yawa miyar da ba ta da shi ba a ɗauke ta miya ba. Sinadarin da ke cikin barkono da attaruhu, kafsaisin, ba ya bin ta curin ɗanɗano, yana kama jijiyoyin jin zafi ne kai tsaye. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya gano makarɓin a 1997, ya kuma nuna cewa shi ne dai makarɓin da yake tashi idan zafin abu ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Ke nan jiki yana ɗauka da gaske cewa baki yana ƙonewa, shi ya sa gumi yake karyowa, hawaye da majina su zubo, kuma shi ya sa hannun da ya yanka attaruhu idan ya taɓa ido ake jin abin da aka ji a baki, alhali ido ba ya ɗanɗano. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, saboda haka kwankwaɗar ruwa tana ƙara watsa shi ne kawai, kindirmo ko madara su ne suke wanke shi. Makarɓin tsuntsaye ba ya amsa masa, shi ya sa kaza take tsattsagar barkonon da aka shanya hankalinta kwance. Na'ana'a kuma tana yin irin wannan yaudarar ta ɗaya ɓangaren, tana taɓa makarɓin sanyi. Abin lura shi ne barkonon nan baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya zo bayan 1492, kuma kafin zuwansa masoro da citta da kimba ne suke riƙe da zafin miya. Cikin 'yan ƙarnuka ya zama kamar da shi aka halicci tukunyarmu.

Haka ma bauri, irin na goro ko na ɗanyar kanya, taɓi ne ba ɗanɗano ba. Sinadaran da ke cikinsu suna kama furotin ɗin da yake sa yawu santsi su dunƙule shi, sai baki ya yi kaushi kamar ya tsuke. Yauƙin kuɓewa da karkashi shi ma fatar baki ce take jin sa, kuma duk wanda ya ga yadda baƙon da bai saba ba yake kokawa da lomar farko ya san cewa wannan taɓin yana iya rinjayar ɗanɗano baki ɗaya. Goro yana da wata baiwar da fataken Gwanja da sauran matafiya suka daɗe da sani, wato ruwan da aka sha bayan an ci shi yakan yi zaƙi ko da ruwan ba na kirki ba ne. Harshe yana auna sabon abu ne da abin da ya gabace shi, saboda haka bayan ɗaci ruwa yakan karkata zuwa zaƙi, kamar yadda shayin da aka sha bayan alewa yake zama kamar ba a sa masa sukari ba.

A kurmin Afirka ta Yamma, daga Ghana zuwa kudancin Nijeriya, akwai wani ɗan itace ja da Yarabawa suke kira agbayun, wanda ya fi goro iya wannan wasa. Shi kansa ba shi da wani zaƙi, amma idan aka tauna shi, duk abu mai tsami da aka ci bayansa sai ya koma zaƙi, lemon tsami ya zama kamar an jiƙa shi a zuma, kuma abin yakan kai kusan sa'a guda. A 1968 aka ware furotin ɗin da ke yin wannan aiki: yana maƙalewa ne a kan makarɓin zaƙi ya yi shiru, sai tsami ya taɓa shi sannan ya tayar da makarɓin. Wannan ɗan itace ya isa hujja cewa zaƙi ba a cikin abinci yake ba, hukunci ne da jiki yake yankewa. Kyanwa ma shaida ce, domin masu bincike a Cibiyar Monell da ke Filadalfiya sun nuna a 2005 cewa ƙwayar gadon makarɓin zaƙi a lalace take a kyanwa da kuma manyan danginta na daji da suka gwada. Idan ta lashi madara, kitse da furotin take bi.

Sauran abin da ya rage, kuma shi ne mafi girma a ganina, sabo ne. Babu jaririn da aka haifa yana son barkono ko goro ko gahawa, dukkansu abubuwa ne da jiki ya fara ƙi sannan aka lallashe shi. Lallashin yana farawa tun a ciki, domin ƙamshin abin da uwa take ci yana shiga ruwan mahaifa, ɗan tayi kuma yana haɗiyar ruwan. Julie Mennella ta Cibiyar Monell ta wallafa wani gwaji a 2001 inda wasu mata suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki ko lokacin shayarwa, kuma da aka fara ba 'ya'yansu abinci mai karas sun karɓe shi da sakin fuska fiye da 'ya'yan waɗanda ba su sha ba. Ɗan Bahaushiya ya san ƙamshin daddawa da tafarnuwa kafin ya san fuskar mahaifiyarsa. Daga nan sai maimaici ya ɗora: abincin da yaro ya ƙi yau, idan aka ci gaba da gabatar masa ba tare da tilas ba sau takwas ko goma, galibi yakan karɓa. Shi ya sa ba na ganin hikima a raina abincin wasu mutane, tun da warin da ya kore ka daga tukunyarsu irinsa ne yake korar su daga taka.

Inda wannan magana ta shafi lafiyarmu kai tsaye shi ne gishiri. Kakanninmu sun san shi a matsayin haja mai tsada da ayarin raƙuma yake ɗaukowa daga Bilma ta cikin Sahara, ana sa shi da lissafi. Yau shi ne mafi arha a kayan miya, kuma ya sami wata ƙofar shiga ta dunƙulen magi, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Ina yawan jin ana zargin farin magi da cututtuka iri-iri, alhali gulutamet ɗin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin daddawa da tumatir, kuma hukumomin kula da abinci na duniya ba su same shi da illa ba a gwargwadon da ake ci. Abin da ya cancanci damuwa shi ne tukunyar da aka jefa wa dunƙule huɗu ko biyar, aka ƙara farin magi, sannan aka bi da gishiri, domin duka ukun suna ɗauke da sodiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, daga dukkan abin da ya ci, matsakaicin abin da mutanen duniya suke ci kuwa ya kai ninki biyu na haka, kuma alaƙarsa da hawan jini tabbatacciya ce.

Harshen da ya saba da gishiri mai yawa yakan ɗauki wannan yawan a matsayin daidai, duk abin da ya gaza haka ya kira shi lami. Gishiri kuma yana danne ɗaci ya fito da sauran ɗanɗano, saboda haka idan aka janye shi farat ɗaya ba gishirin kaɗai ake rasawa ba, ɗacin ganye ma sai ya taso. Wannan ne ya sa dattijon da likita ya hana gishiri, aka koma yi masa 'yar tukunyarsa daban babu komai a ciki, yakan yi kwana kaɗan ya fara satar hanya zuwa miyar gida, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Gwaje-gwajen da aka yi tun farkon shekarun 1980 sun nuna cewa mutanen da suka rage gishiri suka dage, cikin wata biyu zuwa uku ma'auninsu yakan sauka, har abincin da suke ci a da ya koma yi musu gishiri da yawa. Birtaniya ta yi amfani da wannan a shekarun 2000, inda aka riƙa rage gishirin burodi da sauran abincin masana'anta kaɗan-kaɗan ba tare da masu saye sun ankara ba. A gida ma hanyar da ta fi dacewa ita ce a rage a babbar tukunyar da kowa yake ci, dunƙule ɗaya a bar shi makonni kafin a sake rage wani, a cike gurbin da daddawa da busasshen kifi da albasa da ɗan tsamin tsamiya ko yakuwa, domin tsami da umami suna sa ƙaramin gishiri ya yi aikin babba. Yaran gidan su ne za su fi saurin sabawa, tun da ma'auninsu bai daɗe da kafuwa ba.